Zama, rarrafe, tatata: yadda jikin yaro ke ƙwari, da lokacin da jinkiri ke zama abin dubawa

A gidajenmu da ɗan maƙwabta ake auna yaro. Idan na gidan su wance ya taka a wata goma, naki kuma ya cika shekara yana jan gindi, to magana ta fara. Kakarsa ta ce, "Ke 'yar nan, goyon nan ya yi yawa, ki riƙa sauke shi yana jin ƙasa." Wata ta ce kwanika ce, wata ta ce baki ne, wata ta kwatanta gidan mai magani. Uwa ta kwana tana juyi. A wani gidan kuma ga ɗan wata tara har yanzu wuyansa bai tsaya ba, ana ta cewa a bar shi, ubansa ma haka ya yi nawa. Gidan farko sun tayar da hankali a kan abin da bai kai ba, na biyu sun kwantar da nasu a kan abin da ya kamata a ce tuni likita ya gani. Duka biyun rashin sanin abu ɗaya ne ya jawo: faɗin lokacin da kowane mataki ke iya ɗauka, da kuma inda wannan lokacin ya ƙare.

Abu biyu ne ke tafiya tare a jikin yaro. Akwai ƙwarin jiki, wato girman ƙashi da tsoka da ƙosawar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wanda ke zuwa a kan lokacinsa, ba a yi masa gaggawa. Akwai kuma iyawa, wadda ba ta samuwa sai da maimaici da faɗuwa da tashi. Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan wanne ne ke jan ɗan'uwansa. Daga shekarun 1920 zuwa 1940 Arnold Gesell, likitan yara a Jami'ar Yale ta Amurka, ya yi ta ɗaukar jarirai a fim yana bin motsinsu wata bayan wata, ya yanke cewa ƙosawar jiki ce ke jan ragama, koyarwa ba ta ƙara wani abin kirki. Waɗanda suka zo bayansa sun nuna cewa rabin gaskiya ya faɗa.

Tsari ɗaya, lokaci daban-daban

Rabin da ya faɗa daidai shi ne tsarin. Iko da jiki daga sama yake gangarowa: ido da wuya, sai kafaɗa da gadon baya, sai ƙugu, ƙafa ce ta ƙarshe. Daga tsakiya kuma yake fita waje: kafaɗa kafin gwiwar hannu, tafi kafin kan yatsa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar jinjiri ya san dalili. Ranar haihuwa kansa kaɗai kashi ɗaya ne cikin huɗu na tsawonsa, alhali a jikin babba bai wuce ɗaya cikin bakwai ko takwas ba. Wannan ƙaton kai a kan siririn wuya shi ne kayan farko da zai koyi ɗauka, kuma sai wajen wata 3 zuwa 4 yake riƙe shi sosai. A ciki ma aiki bai ƙare ba. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka ba su zo a kammale ba, sannu a hankali wani farin kitse ke naɗe su kamar robar da ke jikin wayar lantarki, kuma sai jijiya ta samu wannan rufi saƙo ke isa da sauri bai watse ba. Shi ya sa komai nacinka ɗan wata biyu ba zai zauna da kansa ba.

Girman shekarar farko ba ya sake maimaituwa a rayuwa. Nauyin haihuwa kan ninka biyu wajen wata 5, ya ninka uku a shekara. Tsawo kan tashi daga kimanin santimita 50 zuwa 75. Maɗiga takan rufe tsakanin wata 12 da 18, wani lokaci ta ɗan wuce. A nan bari in ratse: idan maɗiga ta lotsa ga yaron da ke zawo, ruwan jikinsa ne ya ƙare, ruwan gishiri da sukari da asibiti yake bukata, shafa masa magani a ka ba zai tayar da ita ba.

Jariri yana zuwa da wasu motsi da ba da niyya yake yin su ba. Ka sa masa yatsa a tafi, ya damƙe. Ka shafi kumatunsa, ya juyo da baki yana neman mama. Ƙofa ta bugu, ya zabura ya ware hannuwa. Ka riƙe shi ta hammata ƙafarsa na taɓa tabarma, sai ka ga yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya sai ka ce tafiya zai yi. Yawancin waɗannan kan shuɗe kafin wata 6. Takun nan kuwa tun wajen wata 2 yake ɓacewa, kuma an daɗe ana koyar da cewa ƙwaƙwalwa ce ta girma ta danne shi. A shekarun 1980 wata Ba'amurkiya mai suna Esther Thelen ta lura da wani abu: jariran da suka daina takun idan an tsayar da su, in an kwantar da su rigingine irin motsin nan dai suke yi da ƙafa. Sai ta tsoma su cikin ruwa zuwa ƙirji, taku ya dawo. Ta ɗaura wa masu takun ɗan nauyi a ƙafa, taku ya ragu. Ashe cinya ce ta tara kitse da sauri fiye da yadda tsoka ta yi ƙarfi, ƙafar ta yi wa mai ita nauyi. Wannan ɗan gwaji ya sauya yadda ake kallon lamarin gaba ɗaya. Tafiya ba ta jiran ƙwaƙwalwa ita kaɗai, sai ƙarfin ƙafa da nauyin jiki da iya daidaita tsayuwa da wurin takawa da kwaɗayin isa ga wani abu sun haɗu. Idan ɗaya ya yi baya, sauran sai su jira shi. Wannan ne ya sa lukutin yaro wani lokaci siririn sa'ansa kan riga shi tashi, kuma dukansu lafiya lau.

To yaushe ne lokacin? Amsar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2006. An bi yara 816 masu ƙoshin lafiya da abinci a ƙasashe biyar, Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ana rubuta lokacin da kowanne ya kai matakai shida, ga biyar daga cikinsu. Zama ba jingina: wani tun bai cika wata 4 ba, wani sai da ya ɗan haura wata 9. Tsayuwa da dafa abu, daga kusan wata 5 zuwa wata 11 da rabi. Rarrafe, daga wata 5 zuwa 13 da rabi. Tsayuwa ba dafawa, daga wata 7 zuwa kusan 17. Tafiya kuwa daga wata 8 har zuwa wata 17 da rabi. A duba tazarar nan da kyau. Tsakanin mai saurin takawa da mai nawa akwai fiye da wata tara, kuma ba marar lafiya a cikinsu. Yaron da ya taka a wata 15 bai makara ba, kuma wanda ya taka a wata 9 ba shaida ba ce ta cewa zai fi shi ƙwaƙwalwa ko gudu.

Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi, amma binciken ya samu kimanin yara 4 cikin 100 da ba su yi rarrafen hannu da gwiwa ba sam. Wasu jan gindi suka yi, wasu jan ciki, wasu daga zama sai dafa bango. Masu jan gindi sukan yi nawar tafiya, kuma abin kan bi gida. A 2022 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta cire rarrafe daga jerin matakan da take ba iyaye su duba. Batun cewa mace ta fi namiji saurin zama da tafiya kuma, bambancin da aka gani kaɗan ne ƙwarai, bai kai a ware wa kowa ma'auninsa ba.

Hannun da ke raino

A wancan binciken yaran Ghana sun ɗan riga sauran a yawancin matakai, na Norway suka zo baya. Bisa ga dukkan alamu ba jini ba ne ya raba su, raino ne, kuma wannan shi ne rabin da Gesell bai gani ba. A 1976 Charles Super ya wallafa abin da ya gani a wurin Kipsigis na ƙasar Kenya. Iyaye mata kan haƙa ɗan rami su zaunar da jariri a ciki a tokare shi da tsumma, kullum kuma ana tsayar da shi ana sa shi taku. Yaransu sun riga na Amurka zama da tafiya da kimanin wata guda. Amma rarrafe, da ba sa koyarwa, ba su riga kowa ba. Abin da aka gwada shi ya zo da wuri. A ɗaya gefen akwai mutanen Ache da ke dazukan Paraguwai, waɗanda ba sa yarda jariri ya sauka daga jikin uwa saboda haɗarin daji. Yaransu sai sun kusa shekara biyu suke tafiya. Da suka tasa kuwa, su ne ke hawa dogayen bishiyoyi.

Duk wanda ya ga wankan jariri a hannun tsohuwa ya san mu muna ɓangaren masu horo. Ta shimfiɗa shi a kan ƙafafunta da ta miƙe, ta matse tsumma a ruwan ɗumi ta danna masa gadon baya da ƙugu. Ta kama hannun dama ta kai bayansa, ta kama na hagu, ta lanƙwasa ƙafa har gwiwa ta taɓa ciki, ta ja ta miƙar. Yana tsala kuka tana yi masa kirari. Wata uku ko huɗu an fara dasa shi a cikin baho ko kwali an kewaye shi da zannuwa. Da ya fara tsayuwa yayyensa sun kama hannu ana tatata daga bakin ɗaki zuwa gindin murhu. Shafa da miƙa gaɓoɓi a hankali da tsayarwa duk suna da amfani. Abin da ba shi da wurin zama shi ne cilla jariri sama a cafe, ko girgiza shi, ko riƙe shi ta ƙafa kai a ƙasa. Wuyan da bai riƙe kai ba, da ƙananan jijiyoyin jini na cikin ƙwaƙwalwa, ba sa jure fizga, kuma ɓarnar ba ta warkewa.

Goyo ya cancanci a yi masa adalci. Jaririn da ke baya ba a kwance yake ba: uwa ta sunkuya, ta miƙe, ta juya, shi kuma kullum yana gyara wuya da gadon baya don ya bi ta. Yadda ƙafafunsa ke buɗewa a ƙugunta ma yana yi wa mahaɗin ƙugunsa kyau. Amma a baya ba a koyon juyi, ba a koyon rarrafe. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce kada a ƙunshe ƙaramin yaro fiye da awa ɗaya a jere, kuma ta ambaci goyo tare da keken turawa da kujera. Na san matar da ke daka da wanki da ɗiban ruwa ba za ta riƙa duba agogo ba, kuma ƙasan wani tsakar gidan da kaji da garwashi ba wurin ajiye jariri ba ne. Abin da za a ɗauka a maganar shi ne a sama masa tabarma mai tsabta a inuwa sau da yawa a rana. Ƙa'idar ta ce wanda bai fara rarrafe ba a riƙa kifa shi rubda ciki yana farke, a tara aƙalla minti 30 a yini, domin a nan wuya da kafaɗa ke samun ƙarfi. Barci kuwa rigingine ya fi aminci. Da Amurka ta fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a 1994 mutuwar fuju'a a cikin barci ta ragu sosai, sai dai an lura juyi da rarrafe sun ɗan ja baya, lokacin tafiya kuma bai sauya ba. Daga nan aka fara jaddada kifawar rana.

Yawan gwajin da yaro ke yi da kansa ya wuce yadda ake zato. Karen Adolph ta Jami'ar New York da abokan aikinta sun ƙirga a 2012 cewa yara 'yan wata 12 zuwa 19, idan an sake su suna wasa, kan yi taku 2,368 a awa ɗaya a matsakaici, su faɗi sau 17. Sabon mai tafiya ƙafa a ware yake, hannuwa a sama, yana buga tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa. Cikin 'yan watanni ƙafafun sun matso, hannuwa sun sauko, dunduniya ta fara riga yatsu sauka. Ba wanda ya koya masa, faɗuwar ce ta gyara shi. Saboda haka keken roba mai zagaye da ake zura yaro a ciki, wanda yanzu ya zama kayan barka, ba ya koyar da tafiya. Yana rataye yaro yana tura ƙasa da kan yatsa, ba ya ganin ƙafarsa, ba ya ɗaukar nauyin kansa, ga shi yana kai shi bakin murhu ko matakala cikin ƙiftawar ido. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Keken katako mai ƙafa uku da kafinta ke yi, wanda yaro ke tsayawa a baya yana turawa, ya fi shi nesa ba kusa ba, muddin da babba a kusa.

Yatsu da fensir

Ana yawan kallon ƙafa a manta da hannu, alhali a hannu ne muka fi yi wa yara rashin adalci. Ɗan wata 4 kan kai hannu ya doki abu. A wata 6 ya damƙa da tafi gaba ɗaya ya kai baki, ba da daɗewa ba ya iya mayar da shi daga wannan hannu zuwa wancan. Wajen wata 9 zuwa 10 sai ka gan shi ya duƙufa a kan ƙwayar shinkafa guda a tabarma, ya haɗa babban yatsa da manuni ya tsince ta. Daga ranar duk abin da ke ƙasa ya zama abin tsoro, ƙwayar magani, gyaɗa, ɗan kunne, ƙaramin batir. Sakin abu da niyya ya fi damƙa wuya, shi ya sa ɗan shekara ɗaya ke ta jefar da cokali ana ɗauko masa. Ba fitina ba ce, aiki yake koyo.

Tsintsiyar hannun babba ƙananan ƙasusuwa takwas ne. Ta jariri duk guringuntsi ce, ɗaya bayan ɗaya suke zama ƙashi, na ƙarshe sai an doshi balaga. Riƙon fensir yana bin wannan tafiya. Ɗan shekara ɗaya da rabi da dunƙule yake riƙewa, kafaɗa ce ke zane. Ɗan shekara 3 ya iya kwaikwayon da'ira, na 4 ya gicciya layi biyu, mai kusurwa huɗu sai wajen 4 zuwa 5, mai kusurwa uku kuwa sai 5 ko 6. Riƙo da yatsu uku, inda yatsun ke motsi hannu na kwance, yakan zauna ne tsakanin shekara 4 da 6. To ina dalilin da makarantar naziri za ta ba ɗan shekara biyu da rabi aikin gida ya cika shafi da harafin A, wanda layukansa biyu a karkace suke? Malama ta kama hannunsa ta rubuta, uwa ta kama ta rubuta, a kawo littafi a ce yaro na ƙoƙari. Abin da ya samu shi ne mugun riƙo da zai yi wuyar gyaruwa da kuma ƙin rubutu. Laifin ba na makarantun kaɗai ba ne, mu iyaye ne ke auna kuɗin makaranta da yawan shafin da aka cika. A wannan shekarun abin da ke gina yatsu shi ne ɓare gyaɗa, zura duwatsun wuya a zare, mulmula laka, zane da yatsa a rairayi, sa maɓalli, cin tuwo da hannunsa ko da zai ɓata riga.

Hannun da yaro zai fi amfani da shi yakan bayyana tsakanin shekara 2 da 4, kuma kimanin mutum 1 cikin 10 bahago ne. A koya masa ci da karɓa da dama, wannan tarbiyya ce kuma yana iyawa. Dukansa don ya yi rubutu da dama kuwa wahalarwa ce kawai. Wanda ya kamata ya ja hankali shi ne jaririn da tun bai shekara ba ya zaɓi hannu ɗaya, ɗayan kullum a dunƙule. Wannan ba bahagonci ba ne, yana iya zama rauni a ɓari guda.

Daga gudu zuwa balaga

Bayan tafiya abubuwa kan zo a jere. Gudu kafin shekara 2, tsalle da ƙafa biyu wajen 2 da rabi, hawa matakala ƙafa ɗaya a kowane taki a shekara 3, tsallen ƙafa ɗaya a 4. Langa, inda za ka riƙe ƙafa ɗaya da hannu kana tsalle kana ture abokin karawa, sai an haura shekara 6 ake jin daɗinta. Carafke kuma ido da hannu take haɗawa. Waɗannan wasanni su ne makarantar gaɓoɓi, domin jifa da cafewa da harbin ƙwallo ba sa zuwa don shekaru sun kai, sai an yi su. Kafin balaga ƙarfin ɗa namiji da 'ya mace ba su da nisa, yawancin ratar da ake gani ta wanda aka bari ya fita ne da wadda aka tsare. Ƙa'idar 2019 ta nemi yaro ɗan shekara 1 zuwa 4 ya samu minti 180 na motsa jiki a yini, ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a gaban waya ko talabijin, na ƙasa da haka kuma kada a ba shi. Yaron ƙauye ya cika wannan ba tare da an faɗa masa ba. Na gidan haya a birni, da aka kulle da wayar uwarsa, shi ne abin ji.

Siffar ƙafa ma tana da nata zagaye. Yawancin yara ƙafarsu kan ɗan yi baka har wajen shekara 2, sai ta koma gwame a 3 zuwa 4, ta miƙe wajen 7. Wanda ba daidai ba shi ne bakan da ke ƙaruwa, ko na ƙafa ɗaya, ko wanda ya zo da kumburin tsintsiyar hannu da ciwon ƙafa. Wannan laushin ƙashi ne. A Turai rashin hasken rana ke kawo shi, to mu da rana ta yi mana yawa fa? Binciken da Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna cewa yaran da ke fama da shi sun fi warkewa da sinadarin kalsiyam a kan bitamin D shi kaɗai. Yaron da aka yaye a kan koko da tuwon masara, ba nono ba kifi, ƙashinsa bai samu abin gini ba.

Riƙe fitsari ma ƙosawar jijiya ce. Kimanin yara 15 cikin 100 na fitsarin kwance a shekara 5, yawancinsu kuma su daina da kansu. Duka da tara yara su yi masa waƙa ba sa ƙosar da mafitsara.

Daga famfara zuwa balaga yaro na ƙara santimita 5 zuwa 6 a shekara. Sai zabura ta zo, 'ya mace ta fi sauri wajen shekara 12, namiji wajen 14, shi ya sa a ajin farko na sakandare 'yan mata ke kere samari. A nan tsarin kan juye: tafin ƙafa da hannu ke fara girma, sai ƙwauri da damtse, gangar jiki daga baya. Takalmin sallar bara ya ƙi shiga, yaro ya yi ta tuntuɓe da ɓarin kwano, a ce sakarci ne, alhali tsawon gaɓoɓinsa ne ya sauya masa. A ƙarshen dogayen ƙasusuwa akwai faifan guringuntsi inda tsawo ke fitowa, idan ya haɗe tsawo ya tsaya, mata wajen 14 zuwa 16, maza 16 zuwa 18 ko sama. Wannan faifan ne FIFA ta fara dubawa da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI a tsintsiyar hannun 'yan wasa a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da Najeriya ta karɓi baƙunci a 2009. Kafin ya haɗe shi ne wuri mafi rauni a ƙashi, abin da ya kamata mai ɗora wa ɗan shekara 10 buhu ko jarka biyu ya sani.

Inda jira ke zama ganganci

Alƙaluman da aka kawo a sama na yaran da suka ƙoshi ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki, ko jininsa ya yi ƙasa, ba shi da kuzarin yin dubban takun nan, zama yake yi shiru a ce yana da haƙuri. Abin da ake kira kwanika ma a nan gaskiyarsa take: nonon mai ciki ba guba ba ne, yayen gaggawa ba tare da abincin da zai maye gurbi ba shi ke kwantar da yaro. Sikila kan jinkirta girma da balaga. Bakwaini kuwa ana cire masa watannin da ya rage a ciki har ya kai shekara 2: wanda aka haifa saura wata biyu, idan ya cika wata 8 a auna shi da ɗan wata 6.

Sai kuma raunin ƙwaƙwalwa, wanda a wurinmu yawanci daga abubuwan da ake iya karewa yake: doguwar naƙuda da jariri ya fito bai yi kuka ba, shawarar da ta yi tsanani a makon farko aka tsaya shanya shi a rana, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, ko gubar dalma irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Irin waɗannan yara ne ake laƙaba wa ɗan ruwa a yi ta yawon gidajen magani, alhali shekaru biyun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar gyara, kuma likitocin fisiyo, masu gyara motsin gaɓoɓi, sun fi cin nasara idan an zo da wuri.

Saboda haka akwai iyakokin da ba a jira a wuce su. Wata 4 wuya bai tsaya ba, ko hannu kullum a dunƙule. Wata 9 ba zama. Shekara guda ƙafa ba ta ɗaukar nauyi ko an riƙe shi. Wata 18 ba tafiya. A kowane wata kuma, jikin da ya saki laɓe-laɓe, ko wanda ya sandare har sa masa wando na wuya, ƙafafu na harɗewa idan an ɗaga shi. Ɗa namiji ɗan shekara 3 zuwa 5 mai yawan faɗuwa, ƙwaurinsa ya yi kauri, idan zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwa da cinya, shi ma a kai shi, domin alama ce ta wani ciwon tsoka na gado. Wanda ya fi duka gaggawa shi ne yaron da ya iya abu ya daina: yana zama ya koma faɗuwa, yana tafiya ya koma rarrafe. Idan kuwa ƙafa ko hannu ya saki farat ɗaya ga yaron da bai kai shekara 15 ba, a sanar da asibiti mafi kusa a ranar. An ayyana Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a watan Agustan 2020, amma har yanzu jami'an lafiya na ɗaukar samfurin bayan gidan duk yaron da haka ta same shi, kuma cikin kwana 14 na farko ake son ɗaukarsa.